Injin Busar da Zannuwan Kaka

Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, wata Talata cikin watan Agusta, ƙwan fitilar ɗakina ya yi wani irin haske fari fat wanda ban taɓa gani ba. Na riƙe lokacin ne saboda agogona na danne shafin littafin da nake karantawa da shi. Fanka ta ƙara gudu har tana kuka. Sai na ji fas! daga ɗakin Kaka, na kuma ji tas! daga rumfar tsakar gida, sannan wuta ta ɗauke gaba ɗaya.

Ɗakin Kaka na fara nufa. Kakana ne na wajen uba, shekararsa biyu a kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙwan fitilarsa ne ya fashe, gilasai sun watsu har kan bargonsa. Na fi minti ashirin ina tsince su.

"Ke amarya," ya ce, don haka yake tsokanata tun ina ƙarama, "so kike ki kashe ni ki auri yaro?"

Ban iya dariya ba. Ƙaurin roba nake ji daga rumfa, kuma na san abu ɗaya ne a jone a can.

Injin busar da kaya ne. Yayana da ke aiki a Kano ya sayo shi na hannu, ya kawo mana Rano a farkon damina, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Ba don gayu ya saya ba. Sau uku ko huɗu a rana ake canja wa Kaka zanin gado, kuma a Agusta shanya tana iya kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Daminar da ta wuce zani mai danshi ya jawo masa gyambo a gadon baya, aka sha wuya kafin ya warke.

Tare da injin, Yaya ya kawo wani ɗan farin akwati da bai fi tafin hannu ba. Da ƴar wayarsa ake jona shi a bango, sannan a jona injin a jikinsa. In wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan sai ya yanke ta, ba ya sakinta sai ta daidaita. Muka sa masa suna mai gadi. Ranar da Yaya zai koma, a gabana ya ɗaga shi ya nuna wa mahaifiyarmu.

"Inna, wannan ɗan abin shi ne ran injin nan. A kula da shi sosai. In ya lalace, injin ma ya tafi."

Ni ya bar wa amanar haɗawa, saboda lantarki nake karanta a kwalejin fasaha, ina hutu a gida. Na haɗa komai yadda takardar injin ta ce, na naɗe ragowar wayar, na ɗaure da ƙyallen atamfa don kada kaji su ja.

Da na isa rumfa a yammacin nan, mai gadi yana nan a bango, injin a jone a jikinsa. Zannuwa uku a ciki, da ɗumi amma ba su bushe ba. Inna tana tsaye ta dafe ƙirji tana salati. Na kwashe zannuwan, na koma ɗakina. Ni dama ba mai magana ba ce, in abu ya dame ni littafi nake ɗauka.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Mai gadi ya jira mintunansa, ya kunna koren haske. Injin ko motsi. Na zare shi daga wuta, na ba shi lokaci ya huce, na ɗauko ƴar mitar da nake awo da ita a makaranta, na fara bi ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Soket yana kawo wuta. Fis ɗin cikin filogi ya tsinke, har na yi murna na ɗauka shi ke nan, amma ina sa sabo na jona, shi ma ya tsinke nan take. Ragar da ke tare tsumman zare tsaf take, kullum ina share ta. Maɓallin ƙofa lafiya. Ɗan ƙarfen da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, shi ma lafiya. Sai na kwance murfin sama.

A nan na zauna daɓas a ƙasa. Fanel ɗin injin, wato koren faifan nan da ke ba kowane sashe umarni, gefensa ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Wani ɗan shuɗin abu mai faɗin ƙwandala ya tsage gida biyu, wani ɗan gwangwani kusa da shi ya kumbura. Mun yi wannan a aji: wuta ce mai yawa ta shigo. To ta ina, ga mai gadi?

Ban iya kiran Yaya ba. Me zan ce masa?

Ranar Alhamis Baba ya ɗauke ni a babur zuwa Kibiya, fanel da mai gadi a cikin leda biyu saboda yayyafi. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin kusa da kasuwa, wanda ya daɗe yana aiki a Kano kafin ya dawo gida. Ya gyara zaman tabarau, ya juya fanel ɗin, ya shinshina.

"Alhaji, wa ya kwance wannan?"

Baba ya nuna ni. Na sunkuyar da kai, na miƙa masa littafina. Ya karanta har ƙarshe, ya yi murmushi.

"To Malama, kin gama aikin ai, me kika zo nema wurin tsoho?"

Ya canja shuɗin abin da gwangwanin, ya ɗinke wata hanyar tagulla da ta ƙone. Sannan ya jona mai gadi a wata na'ura da yake murɗawa wuta ta hau ko ta sauka. Ya murɗa sama, mai gadi ya yi ƙas! ya yanke. Ya murɗa ƙasa, ya yanke. Sau biyar ya yi haka.

"Lafiyarsa ƙalau. Ƴata, wannan ba ya bakin aiki lokacin da abin ya faru."

"Malam, da idona na gan shi a bango."

"Ban ce ba ki gani ba. Amma ki ji, fanel ɗin nan gyara ɗaya zai ɗauka. In ya sake ƙonewa sai bola, kuma ko a Kano da wuya ki samu irinsa. Kada ki mayar da shi sai kin san yadda aka yi wuta ta wuce mai gadi."

Muka dawo da gyararren fanel, na ajiye shi a kan littattafaina ban taɓa shi ba. Kwana biyu ana ruwa. Inna ta koma hura gawayi tana bin zannuwa da dutsen guga, ɗaya bayan ɗaya, har idanunta suka yi ja. Ranar Asabar da safe ina taya ta juya Kaka, na ga wurin tsohon gyambon ya fara yin ja. Shi ma ya daina tsokanata.

Na koma rumfa na sake auna komai: wayar bango, soket, har na bi layin zuwa wurin mitar gida. Ban samu komai ba. Na zauna ina kallon wayar injin da na zare na rataye a ƙusa, sai idona ya tsaya a kan ƙyallen atamfar nan. Ni zarge nake yi, wanda ja ɗaya ke warware shi. Wannan kuwa ƙulli biyu ne a matse, an tura bakin ƙyallen a ciki, irin yadda ake ɗaure bakin ƙunshin daddawa. Soket ɗin bangon yana ɗan sama da inda mai gadi ke rataye, wayar injin ba ta kai masa sai an warware naɗin. Mutum ɗaya ce ke irin wannan ƙulli a gidanmu.

Kwana huɗu na cika shafi goma sha ɗaya, na je har Kibiya, amma ban tambayi kowa a gidan ba ko da kalma ɗaya. Kuma yanzu ban san da wane baki ƴa ke tambayar uwarta ko ita ta yi ɓarna ba. Na zagaya tsakar gida sau biyu. Na ɗebi ruwa ban sha ba.

Na same ta a bakin murhu tana fifita gawayi. Na durƙusa na karɓi mafici, don in samu abin da zan kalla.

"Inna, ranar Talata, kafin wuta ta ɗauke, an taɓa mai gadi kuwa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ninke zani.

"Ni na cire shi mana. Kina can cikin littafi ba ki ga yadda wutar nan take rawa tun azahar ba, sai ƙas-ƙas yake yi, abin tausayi. Na ce ɗan abin nan da yayanki ya ce shi ne ran injin, in na bar shi wutar nan ta ƙona shi, me zan ce masa? Sai na jona injin a bango, shi kuma na kai shi ɗaki na sa a cikin kwalla na rufe. Da wutar ta ɗauke na mayar da shi. Kullum in ta fara haukarta haka nake yi. Ba ki ga har yau ko ƙwarzane babu a jikinsa ba?"