Mangwaron Zabeirou

Maƙwabcina Zabeirou mutumin Gaya ne, kuma bakinsa ba shi da birki. Ya daɗe yana dakon kaya a wani sito a titin Wendover, nan birnin Greensboro na Amurka, har bayansa ya lanƙwashe, kafin ya buɗe ɗan butik, wato shago, na shinkafa da manja da busasshen kifi. A lambun mangwaro ya tashi. In ya kama hirar mangwaro sai shayinka ya huce.

Bana ya kwashe duk abin da ya tara ya sayo mangwaron Indiya, kwali kan kwali. Ran Juma'a ya kai bakin masallaci a bayan mota. Mourtala, sabon ango, ya nuna wani koren tambari a jikin kwali.

"Baba Zabeirou, wannan fa?"

Da ni ne sai in ce ado ne. Shi kuwa ya gyara tsayuwa.

"Haske ake haska masa kafin ya shigo Amurka, irin na hoton ƙashi a asibiti. Saboda ƙudan nan mai sa tsutsa. Ko akwai tsutsa ciki, ba za ta zama ƙuda ba, balle ta haihu."

Mourtala ya ajiye mangwaron a hankali, ya goge hannu a wando.

Kafin magariba zance ya gama wayoyin Greensboro: mangwaron Zabeirou na hana namiji haihuwa. Asabar ba wanda ya leƙo butik, ko don gishiri. Firjinsa ƙarami ne, mangwaro ya soma laushi. In kayan nan suka ruɓe, sai ya rufe butik ya koma sito, da wannan bayan nasa. Matarsa Chamsiya ta ɗau fushi da shi. Na leƙa na ce, "Likita, yaya marasa lafiya?" Bai yi dariya ba. Nan na tsorata.

Lahadi ya je inda maza ke shan shayi, ya shanye uku a gabansu, ruwa na bin gemunsa.

"Ga shi! Hasken wucewa yake, ba ya zama ciki!"

Wani ya ce, "Kai da 'ya'ya shida, me za ka rasa?"

Litinin ina butik yana ware masu baƙin tabo, sai ga Hajiya Tchima, uwar yara bakwai, da goyo. Ta rage murya.

"Baba, abin da ake faɗa gaskiya ne?"

"Wallahi ƙarya ne, Hajiya! Ƙuda kawai yake kamawa."

"To. Ba ni kwali uku. Alhaji na son mangwaro."

Tana fita motoci suka fara tsayawa, duk mata, kowace da kujerun yara cike a baya. Zabeirou na loda kwali yana rantsuwa.

"Anti, ba ya aiki fa!"

"Mun ji, Baba. Sa a but."

Kafin la'asar ba ko ɗaya. Guda biyun da na ɓoye a aljihu ma Chamsiya ta ƙwace, wai na maigidanta ne.