Tudun da Nake Hango Gonarmu

Mu mutanen arewacin Gumel ba mu da dutse, shi ya sa muke ji da tudun yashin nan na bayan Maigatari kamar wani abin kirki. Tsofaffi sun ce a zamanin yaƙi nan ake ajiye mai tsaro da ganga, in ya hango ƙurar mahara daga Damagaram ya buga, mata su kwashi yara su shige gari. Da Turawa suka zo su ma nan suka hau, suka dudduba, suka raba ƙasar biyu. Ƙauyenmu ya faɗa hannun Faransa, gidan kawuna ya zauna a na Ingilishi.

A gidan kawun nan na ɓuya shekarar da Faransa ke ɗibar samari soja. Na tsallako da rigar wuyana, na bar inna ita kaɗai, babanmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Kawu ya ce, "Ɗana, ci ka sha, amma ƙafarka kada ta wuce tudun can. Suna da masu kai musu rahoto har cikin kasuwa."

Sai tudun ya zame mini wurin zama. Daga samansa ana ganin rumfunan kasuwa, da raƙuman kanwa suna durƙushe, da Fulani a bakin rijiya. Masu cika baki sun ce har ganuwar Gumel suna hangowa. Ni dai ban taɓa ganinta ba, ban ma nema ba. Arewa nake kallo, inda kukar gonarmu take tsaye, kusa ƙwarai har abin ya ba mutum haushi.

A wajenmu gonar da damina ta wuce ba a shuka ba, mai gari yana iya ba wani. Na san haka, inna ma ta sani. Da ruwan shuka ya sauka na hau tudun da sassafe, ina jiran in ga wane ne zai shiga gonar ubana.

Inna ce ta shiga, da sungumina a kafaɗa. Shuka aikin mutum biyu ne, namiji yana gaba yana sara, na baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Ita sai ta sare layi guda, ta jingine sungumin, ta dawo farko da ƙoƙon iri. Sungumin ya fi ƙarfinta, kowane sara sai ya ja ta gaba. Ba ta ɗago ta dubi tudun ba ko sau ɗaya, ko da yake ta san ina can.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ƙato da ni, na ƙoshi da kokon gidan kawu, ina tsaye ina kallo. Da rana ta take ta zauna a tsakiyar layi, ta daɗe ba ta tashi ba. Na sunkuyar da kai, sai na ga diddigena yana ta danna yashin tudu, yana rufe ramin da babu.