Muryar Hassana a Ƙofar Gida

A Mai'adua, da an idar da magariba an sauke tuwo, kakarmu Iya Delu ba ta yarda a kashe wutar murhu. Nan muke kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka.

"Ke Mairo, uwar surutu, rufe bakin nan. Ga tawa nan tafe, mai kunne ya tara."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce da ba ta da aminiya sai tulunta. Duk abin da ya dame ta sai ta sunkuya ta faɗa masa, ta rufe da faifai. Ran nan ta kai shi rijiya ba faifan, tana karkata shi maganganun suka zube ciki. Tun daga ranar, kowa ya ja guga sai ya fito da sirrinta, da muryarta sak. Mu dariya muke sha. Iya kuwa ko murmushi.

Bara, ranar sunan ɗana na uku a Daura, ƙanin maigidana ya karɓi wayata ya haɗa da sifikarsa ta bulutut, aka sa wa maza karatu a ƙofar gida. Bayan addu'a ya dawo mini da ita. Ban san haɗin yana nan ba sai an kashe shi.

Sai ga saƙon murya daga ƙanwata Hassana, wadda ba ta samu zuwa daga Kano ba. Na shige ɗaki, na turo ƙofa, na danna. Shiru. Na ƙure sauti. Can sai na jiyo muryarta daga waje, ta cika unguwa:

"Yaya, likita ya ce ƙullutun nan sai an yi aiki. Don Allah kada Baba ya ji, kin san hawan jininsa."

Innalillahi! Baba yana zaune gaban sifikar. Na rasa ma inda ake tsayarwa.

Ya shigo, bai yi faɗa ba. "Kira mini ita."

Da ta ɗauka ta gane Baba ya ji, abin da ta ce kawai: "Yaya, ke kaɗai fa na faɗa wa."

Ina yarinya na ɗauka Iya kan sakin baki take ja mana kunne. Ashe amana tana zubewa ko mutum bai ce uffan ba. Yanzu ba na buɗe saƙon kowa sai na kashe bulutut. An yi aikin lafiya, Alhamdulillahi, ta kuma ce ta yafe. Amma har yau, in Hassana tana da magana, mota take hawa tun daga Kano.