Baƙin da Suka Zo Ganin Daɓena

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sai in ajiye carbi in yi ta nema alhali yana wuyana, in kira jika ɗaya da sunan ɗaya. Amma ranar da masu zanen gine-gine na ƙasashen duniya suka cire takalma suka durƙusa a gidanmu na Jigwada da ke Keffi, wannan kam sai dai in tafi da ita kabari.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Sana'ata daddawa, kuma bayan ita abin da hannuna ya iya shi ne daɓe. 'Yan yanzu ba su san shi ba, bari in faɗa. Jar ƙasa ce da marmara ake shimfiɗawa a ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓi na itace su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta. Sannan a zuba makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a sake bugu. In ya bushe sai ya yi duhu yana sheƙi, ga sanyi a tafin ƙafa. Na ɗakina, uwar mijina ce ta tara mata suka yi shi kafin a kawo ni gidan. Ya girmi ɗana na fari, shi kuwa a lokacin da nake ba ku labari furfura ta soma fito masa.

Shekarun nan ne Abuja ke ta kumbura tana matso mu. Tifa-tifa na wucewa da yashi, duk wanda ya samu hali sai ya rushe ginin ƙasa ya ɗora bulo. Gidanmu ma an yi bulo ta gaba, ɗakina ne kawai ya rage a can ƙurya kamar tsohuwa a taron 'yan mata.

Ina da jika mace, 'yar wannan ɗan nawa, wadda ta karanta zanen gini take aiki a Abuja. Wata rana a tsakiyar bazara ta kira ni a waya.

"Kaka, zan kawo miki baƙi."

"Daga ina?"

"Daga ko'ina. Taro ake yi a nan, masu irin aikinmu sun zo daga ƙasashe, kowa zai nuna abin da ya zana. Za mu zo da wasunsu su ga ɗakinki. Don Allah kada ki wahalar da kanki da komai."

Na ce Allah ya kawo su lafiya. To amma ku gaya mini, wane ne a Keffi aka taɓa ce masa kada ya wahalar da kansa saboda baƙo, ya kuma ji? Ai magana ce ta ladabi, mai faɗa ya san ba za a bi ba. Ban tambaye ta me za su gani a ɗakin ba, ita ma ba ta faɗa ba, tana sauri.

Na zauna na dubi ɗakin da idon baƙo. Sai kunya ta kama ni. Mutanen da suka hau jirgi suka keto duniya, su zo su tarar da kakar ma'aikaciya tana kwana a kan ƙasa? Da ɗana ya dawo daga sakatariya na gaya masa. Shi ɗan fari ne, ba na kama sunansa, "kai wannan" nake ce masa.

"Inna, ai na daɗe ina faɗa miki," in ji shi. "Yau ga shi kin faɗa da bakinki. Gobe birkila zai zo."

Birkila ya zo. Aka fitar da gado da akwati da tabarmi. Abu ɗaya na hana a taɓa, randar uwar mijina da ke ƙuryar ɗaki. Tsohuwar randa ba ta son ɗagawa, in ta saba da wuri aka motsa ta sai ta tsage. Birkila ya yi ta ƙorafi, na ce ya zagaye ta. Ya zagaye ta. Kafin la'asar siminti ya rufe daɓen uwar mijina, ni kuma ina tsaye ina sa masa albarka.

Saura kwana uku baƙi su zo, sai ga jikata ta iso don ta duba shiri. Ta shigo da fara'arta, tana tsokanata wai na ƙara gajarta. Ta ɗaga labule, ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya.

"Kaka, ina daɓen?"

"Yana ƙasa. Mun yi masa riga saboda baƙinki."

Ta zauna a bakin ƙofa, jaka a cinya, hawaye na zuba ba sauti. Sai a lokacin na ji abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ashe ajujuwan wata makarantar ƙauye ta zana, bangon ƙasa, daɓen makuba, don yara su daina dahuwa a ƙarƙashin kwano. Oganta ya yi dariya ya ce irin wannan ƙasa ba za ta kai damina biyu ba. Ita kuwa ta ce ta san daɓen da ya girmi ubanta. Ya ce to, tunda manyan sana'a sun hallara, ta kai su su gani. In sun gamsu a gina nata, in ba su gamsu ba a koma bulo, ita kuma ta daina kawo musu zancen kakanni a ofis.

"Na yi alkawari a gaban kowa, Kaka. Me zan nuna musu yanzu?"

Ubanta yana tsaye, ya cire hula yana juya ta a hannu. Ya ce, "Ko a fasa?"

"Baba, in an fasa ai da shi za a ɓamɓaro."

Na daɗe ban ji nauyi irin na ranar ba. Na dubi hannuwana. Sai na ce mata ta share fuska. Na ce daɓe dai na rufe shi, amma hannun da ya koyi yin sa yana nan, bai shiga ƙarƙashin siminti ba. Ga ɗakin da nake ajiyar kayan daddawa, ƙasarsa garau take, ga ɓawon ɗorawa buhu-buhu tunda lokacinta ne.

Na aika wa ƙawata, wata 'yar ƙabilar Mada da ke Sabon Gari, Kirista ce, mun tsufa tare a layin masu daddawa. Ta zo a keke napep da madaɓinta a hammata, wanda ta ce tun auren 'yarta ta biyu bai ga rana ba. Da ta ji labari sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Hajiya, ke da wayonki? An ce za a zo ganin amarya, kin rufe ta da buhu."

Muka tara tsofaffi shida. Ɗana kuwa na ɗora masa ɗebo marmara. Mutumin da ko bokiti ba ya ɗauka, sai ga shi da wandon ofis a naɗe yana sauke ƙasa daga bayan motarsa, ƙawata na bin sa da baki: "Oga, a hankali, kada a ce mun karya wa gwamnati baya." Muka jiƙa makuba, muka shimfiɗa ƙasa, muka yi bugun farko. Bugun ƙarshe muka bar wa ranar baƙi.

Ranar da hantsi doguwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Suka sauko kamar kasuwa ta watse, fari da baƙi da ja, kowa da kati a rataye a wuya da ɗan littafi a hannu. Mun yi musu kunun aya da masa. Jikata ke fassara. Ta kai su ɗakin daddawa, mu kuma muka durƙusa, ƙawata ta ɗauko waƙar da ake bugu da ita, madaɓai suka soma sauka tare.

Ba a jima ba wata mata 'yar Indiya ta cire takalmi, ta tattare zaninta ta durƙusa kusa da ni. Ta ce kakarta ma haka take yi, sai dai su da kashin shanu suke shafewa. Na ce a gaya mata mu a nan mun fi son hancinmu. Ta yi dariya har da tafi. Daga nan sai kowa ya soma cire takalmi. Wani tsohon Bature mai gemu ya karɓi madaɓi, amma Allah bai ba shi kunnen kiɗa ba, muna ɗagawa yana saukewa. Ƙawata ta dube shi ta ce, "Baba, maciji kake kashewa ne?" Da aka fassara masa ya ce a ƙasarsu malami ne babba, ya koyar da gini shekaru masu yawa. Ta ce, "To yau ka zo firamare." Ya amsa da kai, ya gyara zama, ya bi hannunta.

Ina cikin jin daɗi, har na soma cewa mun tsira. Sai ogan jikata, wani dogo mai tabarau wanda shi kaɗai bai cire takalmi ba, ya yi gyaran murya.

"Mama, sannunku da aiki, ya yi kyau. Amma wannan na yau ne. Mu an ce mana akwai wanda ya girmi mahaifinta. Ina yake?"

Madaɓai suka tsaya. Jikata ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Laifin nawa ne, ban ga dalilin da zai sa ta ɗauka ba. Na miƙe na ce ta fassara kalma-kalma, kada ta yi mini kwalliya. Na ce yarinya gaskiya ta faɗa. Ni ce na ji kunyar a zo daga nesa a ga ina kwana a kan ƙasa, na sa aka rufe shi da siminti don in girmama su.

Sai wani dattijo daga Mali, mai doguwar riga shuɗiya, ya ce da 'yar Hausarsa ta 'yan kasuwa, "Uwa, mu ma a garinmu haka ake yi. Kai mu ɗakin duk da haka."

Na kai su. Rana ta take, simintin ya ɗau ɗumi, ga shi har ya soma tsagewa ta bakin ƙofa saboda gaggawar da aka yi. Dattijon ya ce yana jin ƙishi. Na nuna masa randa. Ya sunkuya zai ɗebi ruwa, sai na ga ya tsaya da moɗa a hannu yana kallon ƙasa. Ya durƙusa, ya zura yatsa ta gefen randar.

"Uwa, wannan ba siminti ba ne."

Wallahi har ga Allah na manta da wurin nan. Ya roƙa a ɗaga randar. Na so in ƙi, don randar nan ita ce abin da ya rage mini na uwar mijina. Na dubi jikata, ba ta roƙe ni ba, ta sunkuyar da kai kawai. Na ce a kwashe ruwan tukuna, kuma duk wanda ya fasa ta a nan zai zauna ya gina mini wata. Manyan malamai huɗu suka kama ta kamar jaririn da aka haifa yau, ƙawata na ba su umarni, suka ajiye ta a kan gammo lafiya.

Ga shi nan, faɗin faifai biyu, baƙi wuluk yana sheƙi. Wurin da randa ta yi ta tsatsafo a kansa tun kafin in haifi ɗan fari, bai rufta ba, bai yi laushi ba. Dattijon ya zuba masa ruwa, ruwan ya tsaya a dunƙule bai shige ba. Baturen ya karce shi da makulli, ya duba makullin, ya sake karcewa. Suka yi layi, kowa ya sa ƙafa ɗaya a kan siminti, ɗaya a kan daɓe, sai ka ga fuskarsa ta sauya. Can sai ga ogan jikata ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa, shi ma ya taka. Ya daɗe a tsaye a wurin. Da ya ɗago, jikata ya duba.

"Ranar Litinin ki kawo mini zanen nan."

Ƙawata ta rangaɗa guɗa, 'yar Indiya ta gwada yi ita ma, abin da ya fito daga bakinta ya sa kajin gidan suka watse.

Washegari a zauren taronsu na Abuja, an ce hoton da jikata ta fara haskawa a bango shi ne na ɗan wurin nan, siminti ya zagaye shi. An gina ajujuwan a wani ƙauye ta hanyar Akwanga, kuma mu tsofaffin nan aka ɗauka a mota muka yi daɓen, 'yan matan ƙauyen na koya. Biyu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma madaɓansu suna hannun wasu.

Ɗana ya sha cewa a fasa simintin a sake mini sabon daɓe. Na ce a bar shi. Na koma ɗakin daddawa da kwana, inda ƙasar ke da bugun Bature a gefe guda, har yau wurin ya fi sauran tudu. Tsohon ɗakin nawa kuwa nakan shiga in ɗebi ruwa, in ga baƙin wurin nan a gindin randa, in tuna.

Abin da na koya da tsufana shi ne, in an ce baƙo na zuwa, kafin ka ɗauki tsintsiya ka tambayi abin da ya zo gani. Sau da yawa abin da kake gaggawar ɓoyewa don kunya, shi ya sa ya taso. Ni dai na rufe nawa da hannuna, kuma ba wayona ne ya cece mu ba. Ɗan wurin da na ƙi bari a gyara, shi ya fitar da jikata kunya.