Jegon Macizai a Woolwich

Shekara arba'in Inna Shafa'atu ta yi tana yankan cibiya a Malumfashi, ba ta taɓa tsammanin jegonta na ƙarshe na macizai zai kasance ba. Ungozoma ce ta gado, mai kaifin baki da sanyin hannu. Abu guda ta ɗauka addini a sana'arta: jariri ba ya shan sanyi. Ko a tsakiyar bazara ne, sai an kai kaskon garwashi ɗakin maijego, wanda ya yi gardama kuwa ya sha zagi.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ɗanta Suleiman, direban bas, ya ɗauko ta zuwa Landan, hawa na shida a wani ginin gidajen haya na ƙaramar hukuma a Woolwich. A nan babu mai kiranta haihuwa. Ta zama tsohuwa mai gadin taga. Wadda kawai ke zama da ita ita ce jikarta Teema, 'yar shekara goma sha biyar, mai ciwon sikila, wadda sanyi kaɗan ke kwantar da ita asibiti. Inna ta yi mata Hausa, ita ta amsa da Turanci, kuma sun fahimci juna tsaf.

Teema na da macijiya a akwatin gilashi, irin wadda Turawa ke kira garter, siririya mai ratsin ruwan ɗorawa a gadon baya. An yi ta gaya wa Inna ba ta da dafin da zai cuci mutum, ita dai ko ƙofar ɗakin ba ta wucewa sai da a'uziyya. Amma ranar da Teema ta jawo hannunta ta ga macijiya na haihuwa, ba ƙwai ba, 'ya'ya rayayyu kowanne cikin 'yar jakar ruwansa, sai Inna ta manta da tsoro ta ja kujera. Goma sha ɗaya ta ƙirga, kowanne bai fi tsinken tsintsiya kauri da yawa ba.

Sati biyar bayan haka ciwon ya buge Teema a ƙirji. Kafin a fita da ita, tana numfashi da ƙyar, ta kama zanin kakarta. Babanta ko kallon macizan ba ya yi, mamanta Zarah kuma za ta tare a asibiti.

"Kaka, please. Ki ba su abinci. Don't move the box."

"Na ji, 'yar nan. Goma sha ɗaya kika bari, goma sha ɗaya za ki tarar."

Haka ta yi alkawari, ita kuwa ba ta alkawarin banza. Jariran suna cikin robar ajiya mai murfi da ƙananan huji, an shimfiɗa 'yar tabarmar lantarki mai ba da ɗumi a ƙarƙashin gefe ɗaya kawai. Akwai takarda manne a jiki da rubutun Teema, amma Inna ba ta karanta boko. Abin da ta gani da idonta shi ta bi. Ta yanka musu tana, tsutsar ƙasa, gutsi-gutsi da almakashi, tana tofar da yawu, ta haɗa da ɗan farin kifi. Ta raba kowanne a ƙoƙonsa lokacin ci, don ta taɓa ganin biyu sun kama gutsure ɗaya, babban ya fara haɗiye kan ƙaramin. Ta riƙa kaɗa musu abincin da hantsaki a gaban hanci har su cafke. Ruwan shansu ba ya wuce tsawon farce, kada su nutse. Akwai wani ɗan tsamurarre da ya ƙi ci kwana tara, ta sa masa suna Mai Gardama. Ranar da ya karɓa, Inna ta yi guɗa ita kaɗai a ɗaki, sannan ta ji kunya.

Kullum da hantsi Teema na bugo waya daga gadon asibiti, tambayarta ɗaya: nawa suka ci? Zarah ta ce yarinyar ba ta taɓa abincinta sai ta ji amsar.

Sai sanyin Nuwamba ya sauko. Wata Laraba da safe Inna ta leƙa robar, ta tarar duk sun bar gefen ɗumi sun dunƙule a can gefen sanyi. Ta taɓa Mai Gardama da ɗan yatsa, ta ji shi kamar ƙarfen ƙofa. Ranta ya ɓaci. Wane irin sakarci ne a ɗumama rabin ɗaki a bar rabi? Aikin yarinya ne, in ji ta, wadda ba ta taɓa riƙe jinjiri ba. Ta tuna an ce kada ta motsa robar, amma ta ɗauka tsoron faɗuwa ne, ita kuwa hannunta bai taɓa yar da ɗan kowa ba. Ta ɗaga robar a hankali, ta ɗora kan hitar bango mai ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga, ta ɗauko bargon Teema mai laushi ta lulluɓe ta ruf, ta cusa gefuna yadda iska ba za ta shiga ba. Ta tafi kasuwa sayo kifi da zuciya fes.

Ba ta san maciji ba ya yin zafin jikinsa da kansa ba. Da tafiya yake gyara shi: ya ji ɗumi ya ishe shi, ya koma sanyi. Rabin da ta raina shi ne mafakarsu.

Da ta dawo bayan azahar ta yaye bargon, hucin da ya bugi fuskarta ya gaya mata kafin idonta ya gani. Suna jere a bakin murfi inda suka yi ta neman hanya, bakuna a buɗe, sun sandare. Ta zuba musu ruwa, ta hura musu iska kamar yadda take wa jaririn da ya zo bai yi kuka ba. Ta ƙirga sau uku. Ko ɗaya bai motsa ba. Ta zauna a ƙasa, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Suleiman ya dawo ya karanta mata takardar. Layi na biyu ya ce dole gefe ɗaya ya zauna da sanyi. Ya shafa kai.

"Inna, kada a gaya mata yanzu. Zan yi order ɗin wasu, ba za ta gane ba."

"Za ta gane. Kuma ni ban taɓa aiken wani ya gaya wa uwa ɗanta ya tafi ba. Kai ni asibitin."

Teema na kwance da robar iska a hanci, ta rame har idanunta sun yi mata yawa. Ta ga kakarta ta yi murmushi.

"How many, Kaka?"

Inna ta faɗa mata duka, hita da bargo da kasuwa, ba ta rage ba, ba ta nemi uzuri ba. Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta tambaya ko har da ɗan ƙaramin. Inna ta ce har da shi. Teema ta juya fuskarta bango, kafaɗunta na rawa.

Bargon asibitin ya zame daga ƙafafunta. Hannun Inna ya miƙa da kansa zai ja shi, kamar yadda ya yi sau dubu, sai ya tsaya a iska. Karo na farko a rayuwarta ba ta san ko rufewa ce daidai ba. Ta daɗe a haka.

Teema ba ta juyo ba. Muryarta ta fito can ƙasa, da Hausarta mai tsami.

"Kaka, ni ki rufe ni. Ina jin sanyi."