Shekarar da Cikin Baba Ya Lafa

Tun ina ƙarama na san mahaifina da ciwon ciki. A gidanmu na Yako akwai wani ƙaramin kofi da ake jiƙa masa kanwa. Da ya dawo daga gona ya dafe ƙirji, sai a miƙo masa. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ya ji dama. Kowa olsa yake cewa, mun kuma ɗauka haka zai rayu da ita.

Bayan na yi aure a Kiru, aka ce yana da ciwon suga. Sai haki ya biyo baya, tafin hannunsa ya yi fari fat. Mutumin da ya saba noman rani na tumatir da albasa, sai ga shi zaune a gindin mangwaro yana kallon masu ban ruwa. Maganin ƙarin jini kuwa ya sha har ya gaji, babu wani canji.

Ran nan na hau acaɓa na same shi. Bayan na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, gobe asibiti za mu je.”

“Tsufa ne, 'yar nan,” in ji shi. “Ciki daban, suga daban, jini daban. Wanne za su fara kamawa?”

“Ai duk a jiki ɗaya suke, Baba. A duba su tare.”

Likitar da muka samu ta saurare shi a tsanake, sannan ta ce a gwada bayan gidansa. Baba ya kawar da kai, ya ce shi da girmansa? Ban saki ba sai da ya yarda.

Da sakamako ya fito, ta ce akwai wata ƙwayar cuta da take zama a tumbin mutum shekara da shekaru. Ita take cinye masa ciki, tana iya jawo ƙarancin jini ma. Na tambaye ta sugan fa? Ta ce masana suna ganin alaƙa, amma ba su gama tantancewa ba, don haka kada ya kuskura ya ajiye maganinsa. Ta ƙara da cewa cutar kan bi 'yan gida ɗaya. Aka gwada mu, ni da Inna duk muna ɗauke da ita.

Maganin ba daɗi. Ƙwayoyi ne da yawa safe da yamma, baki ya yi ta ɗaci. Da Baba ya fara jin sauƙi sai ya so ya daina. Na tattaro kayana na dawo gida, kullum mu uku mu zauna a tabarma mu haɗiye namu tare, yana mita muna dariya.

Da aka sake gwaji, ba a ga komai ba. Sugan yana nan har yau, amma tunda yana cin abinci a kan lokaci, ya daina wahalar da shi kamar dā. Jininsa ya dawo, damina na faɗuwa ya ɗauki fartanya.

Daga baya wani tsohon amininsa, makiyayi daga wajen Falgore, ya zo yana kukan zafin ciki. Ina daga tsakar gida na ji Baba yana cewa, “Bar shanun nan a hannun 'ya'yanka, gobe ni zan raka ka. Akwai gwajin da ba za ka so ba, amma sai ka yi.”