Yaron da Ke Bakin Taga

Akwai wata Laraba a tsakiyar shekarun tamanin da har yau ba ta fita raina ba. Ina ƙaramar nas a ɗakin yara na wani asibiti a Maiduguri, ban daɗe da zuwa daga Biu ba. Lokacin zafi ne, ƙyanda ta cika mana gadaje.

Ga wanda bai san aikin ba, dokar ɗakin ita ce mace ɗaya ke jinyar kowane yaro. Namiji ba ya shiga sai uba, shi ma da la'asar. Metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, ba ta wasa da wannan doka, ko likita shakkarta yake yi.

A gadon ƙarshe akwai Nura, ɗan shekara ɗaya da rabi. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri, kakarsa Hajiya Binta ce ke jinya, Kanawa ne 'yan kasuwa mazauna Gamboru. Ƙyanda ta sake shi, gudawa ta kama shi, kuma ya ƙi cin komai. Kunu, madara, ruwan gishiri da sukari, duk sai ya datse baki. Mun sa masa robar abinci ta hanci, ya fizge. Likita ya ce mana in aka ƙara kwana a haka, mu cire rai.

Duk kwanakin nan wani saurayi na tsayawa a bayan tagar gadon, siriri, bai wuce sha bakwai ba, rigarsa duk baƙin man keke. Ranar Larabar Metiron ta gan shi, ta tambayi Hajiya ko ta san shi.

Hajiya ta kau da kai. "Yaron unguwarmu ne."

Metiron ta sa maigadi ya kore shi. Maigadin kuwa dama hannunsa na ƙaiƙayi, ya bi shi da dorina har bakin ƙofa. Ina kallon Hajiya, ko motsi ba ta yi ba, carbinta kawai take ja.

Sai Ya Falmata, wata Babarbariya mai jinya a gadon kusa, ta jawo ni gefe.

"Sista, kun san wa kuka daka? Uban yaron nan ne."

Na ce, "Wane uba? Wancan ɗan yaron?"

"Maƙwabtana ne. Habibu sunansa, gyaran keke yake koya. Shi ne ɗan farin Hajiya, ba za ta kama sunansa ba, balle ta ce nata ne. Shi kuma Nura ɗan farinsa ne, ba zai ɗauke shi a gaban uwarsa ba. Amma tun rasuwar matarsa, a bayan shago yake ɓuya ya ba shi abinci. Yaron bai san hannun kowa ba sai nasa."

Na ji labarin kunyar ɗan fari, amma ban taɓa zaton za ta kai uwa ta ga ana dukan ɗanta ta yi shiru ba, jikanta kuma na mutuwa a gabanta. Na faɗa wa Metiron. Nan take ta miƙe. Da kanta ta fita titi ta shigo da Habibu, shatin dorina kwance a wuyansa.

Na miƙa masa kofin kunu. Ya dubi wajen da mahaifiyarsa take, ya sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, ba zan iya ba a nan."

Metiron ta ce, "Ɗanka ne ko ba ɗanka ba?"

Habibu ya sake duban wajen mahaifiyarsa. Nura kuwa ya ji muryarsa, ya buɗe ido yana miƙa hannu.

Muna da wani labule mai taya da muke karewa da shi idan yaro ya cika. Shi kaɗai ne a kusa, shi na jawo na zagaye gadon. Iyaye mata suka fara salati, sun ɗauka an yi rasuwa. Hajiya ta tashi ta koma baranda ta juya mana baya.

Daga bayan labulen muka ji Habibu yana magana ƙasa-ƙasa. "Sha mana, maigida. Ni ne." Sai ƙarar cokali a jikin kofi. Da ya miƙo kofin, babu komai ciki.

Na fita na gaya wa Hajiya. Fuskarta sharkaf da hawaye, amma ba ta juyo ba. Abin da ta ce kawai, "A duba wa yaron nan wuyansa."

Nura ya rayu. Labulen ya zauna a gadonsa har ranar sallama.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: mutanenmu na iya ɓoye wanda suka fi so har a bakin mutuwa. Tun daga ranar na daina tsayawa a kan tambayar waye uba. Nakan tambaya a hannun wa yaro yake cin abinci, sannan in leƙa bayan taga.